Yadda Ake Zama Mai Binciken Ƙwaƙwalwar Iyaye: Daga Digirin Farko Zuwa Ɗakin Gwaji Na Kanka

Duk makiyayi ya san cewa idan tunkiya ta haihu, sa'o'in farko su ne komai. Muddin ta lashe ɗanta ta shaƙi warinsa, ko a tsakiyar garke za ta gane shi, ɗan wata kuwa idan ya zo shan nono sai ta tunkure shi. Idan aka raba su a wannan ɗan lokaci, tana iya ƙin ɗan da ta haifa da cikinta. Akwai malaman jami'a da suka ƙarar da shekarun aikinsu suna neman sanin abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwar tunkiyar nan a waɗannan sa'o'i, da ƙwaƙwalwar mace mai jego, da ta uban da aka miƙa wa jariri ran suna. Fanni ne mai zaman kansa, da mujallunsa da tarukansa da kuɗin bincikensa. Wannan jagora ta ɗalibin da ke son shiga cikinsa ce, kuma abin da nake so ya riƙe tun daga nan shi ne, wanda ya taso a ƙasar Hausa ba ya shiga wannan fanni hannu rabbana. Manyan na'urori sun yi mana ƙaranci, amma gidajenmu da garakenmu cike suke da tambayoyin da masana ba su kai gare su ba tukuna.

Fara da sanin inda aka kwana

Kafin ka cike fom ɗin neman gurbin karatu ko ɗaya, ka zauna ka karanta tarihin fannin, domin duk malamin da za ka rubuta wa zai gane daga layi biyu ko ka karanta ko ba ka karanta ba.

A 1967 Jay Rosenblatt na Jami'ar Rutgers a Amurka ya nuna cewa ɓerar da ba ta taɓa haihuwa ba, idan aka ajiye ta da jariran wata, da farko gudunsu take yi, amma cikin kimanin mako guda sai ta fara lasarsu tana kwashe su zuwa sheƙa. Ita kuwa wadda ta haihu nan take take yin hakan. Ke nan hanyoyin reno suna nan shimfiɗe a ƙwaƙwalwa, aikin homon, wato sinadaran da jiki ke sakawa cikin jini, shi ne su buɗe su a kan lokaci. A 1974 Michael Numan ya gano cewa idan aka lalata wani ɗan yanki a can ƙasan ƙwaƙwalwa, wanda masana ke kira MPOA, uwar ɓera tana daina kula da 'ya'yanta. A 1979 Cort Pedersen da Arthur Prange suka zuba oksitosin kai tsaye cikin ƙwaƙwalwar ɓerayen da ba su haihu ba, suka ga sun kama reno. Oksitosin ɗin nan shi ne dai wanda ungozomomin asibiti ke yi wa mata allurarsa don naƙuda da tsayar da jini. A shekarun 1980 kuma Barry Keverne da Keith Kendrick a Ingila, da Pascal Poindron da Frédéric Lévy a Faransa, suka yi aiki a kan tumaki, suka nuna cewa fitowar ɗa ta hanyar haihuwa ita ke sa ƙwaƙwalwa ta saki oksitosin, har ruwan mahaifar da tunkiya ke ƙyama a da ya zama abin da take nema ta lasa.

Bayan waɗannan sai ka karanta aikin Michael Meaney na Jami'ar McGill a Kanada, wanda a 2004 ɗakin gwajinsa ya nuna cewa yawan lasar da uwar ɓera ke yi wa jariri yana barin alama a kan ƙwayoyin halittarsa, alamar da ke shafar yadda zai jure firgici idan ya girma. Sai Catherine Dulac ta Harvard, wadda a 2014 ta ware takamaiman ƙwayoyin jijiya a cikin MPOA masu ɗauke da sinadarin galanin: namijin ɓeran da ya saba kai wa jarirai hari, da aka kunna masa waɗannan ƙwayoyi, sai ya koma lasarsu.

A ɓangaren 'yan Adam, a ƙarshen 2016 Elseline Hoekzema da abokan aikinta a Sifen suka fitar da hotunan ƙwaƙwalwar mata 25 kafin cikin fari da bayan haihuwa. Wasu sassan da ke taimaka wa mutum fahimtar abin da ke ran wani sun sake fasali, kuma canjin ya kai aƙalla shekara biyu. A 2024 wata tawaga a Kalifoniya ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mace guda sau 26, tun kafin ta ɗauki ciki har shekara biyu bayan ta haihu.

Ka haɗa da takarda ɗaya da za ta hana ka zaƙewa. A 2023 aka samar da wasu ɓerayen daji na Amurka, masu zaman mace ɗaya namiji ɗaya, waɗanda aka cire musu mazaunin oksitosin, wato inda yake kamawa ya yi aiki a jiki, gaba ɗaya. Kowa ya zaci ba za su shaƙu da juna ba, ba za su yi reno ba. Sun shaƙu, sun haihu, sun yi reno, sai dai shayarwar ta yi rauni. Wanda ya shiga fannin yana ganin sinadari ɗaya ne ke haifar da ƙaunar uwa zai daɗe bai yi aiki mai kyau ba.

Digirin farko

Ba sai ka karanta likitanci ba. Fisiyoloji, anatomi, bayokemistiri, ilimin magunguna, ilimin halayyar ɗan Adam, likitancin dabbobi, ilimin dabbobi, aikin jinya, duk ƙofofi ne. Abin da ake dubawa shi ne sakamako mai kyau, da aikin bincikenka na shekarar ƙarshe, da wasiƙar malamin da ya ga aikinka da idonsa. Ka dage da Turanci na karatu da rubutu, ko da a Yamai ko Maraɗi kake karatu da Faransanci, domin kusan duk takardun fannin da Turanci suke fitowa. Ka kuma fara koyon ƙididdiga da manhajar R tun yanzu. Kyauta ce, kuma ɗalibin da ya iya ta yana da abin da zai miƙa wa kowane ɗakin gwaji.

Koyi kallo kafin ka koyi awo

Wannan mataki ne ɗalibai suka fi tsallakewa, don suna ganin ba shi da kwarjini. Ana ɗokin bututun gwaji da farar riga. Alhali kuwa adadin homon a jini ba ya faɗa maka komai sai ka san halin da yake tafiya da shi.

Ka sami wayar da ke ɗaukar bidiyo da ƙafar ɗora ta. Ka nemi izinin wani mai kiwo ko gonar jami'a a lokacin da tumaki ke haihuwa. Ka ɗauki sa'o'i biyun farko bayan haihuwa. Sannan ka rubuta jerin halaye da ma'anar kowanne a fili, ta yadda wani zai karanta ya gane abu guda da kai: lasa, shaƙa, ƙaramin kukan da uwa ke yi wa ɗa baki rufe, babban kuka, tsayawa a sha nono, kaucewa, tunkuri. Ka saka bidiyon a manhajar BORIS, wadda masana a Jami'ar Turin ta Italiya suka ƙirƙira kuma suke bayarwa kyauta, ka ƙidaya sau nawa da tsawon daƙiƙa nawa. Daga nan ka ba abokin karatunka bidiyon ba tare da ya ga lissafinka ba. Idan alƙalumanku suka yi hannun riga, ma'anonin da ka rubuta ne ba su fito ba, sai ka gyara ku sake. Wanda ya yi wannan da hannunsa ya riga ya koyi rabin sana'ar, kuma da ya koma kan uwa da jaririnta a asibiti, hanyar ita ce dai.

Auna homon ba tare da ka yaudari kanka ba

A nan ne kuɗi ke salwanta, don haka zan ɗan daɗe.

Homon ɗin da za ka fi cin karo da su su ne oksitosin, furolaktin mai kawo ruwan nono, istirojin da furojestaron na lokacin ciki, kotisol na damuwa da farkawar jiki, da testosteron. Mafi sauƙin farawa su ne kotisol da testosteron, domin ana samunsu a yawu, ba sai an huda kowa ba, kuma ana auna su da gwajin ELISA, wanda na'urarsa tana samuwa a asibitocin koyarwa da yawa.

Lokaci shi ne abu na farko. Kotisol yana kai ƙololuwa kamar rabin sa'a bayan an farka, sannan ya yi ta sauka har dare. Testosteron ma ya fi yawa da safe. Idan ka karɓi yawun wannan uwa da hantsi, na waccan da la'asar, to agogo ka auna. Ka tsayar da lokaci guda, ka kuma rubuta ƙarfe nawa kowa ya farka. A wurinmu wannan yana da muhimmanci sosai, domin wadda ta tashi sallar asuba ta koma barci ba ɗaya take da wadda ta zarce da aiki ba. Watan azumi kuma yana sauya barci da ci gaba ɗaya, don haka ko dai ka kauce masa, ko ka mai da shi wani ɓangare na tambayarka da gangan.

Na biyu, tsabtar samfur. Kada mutum ya ci, ya sha, ya ci goro ko ya yi asuwaki na aƙalla rabin sa'a kafin ya ba da yawu. Ɗan jinin dasashi kaɗan yana ɗaga adadin testosteron. Audugar da ake tsotse yawu da ita ma tana ɓata wannan awo, shi ya sa aka fi so mutum ya zubo yawun kai tsaye cikin bututu.

Na uku, sanyi. Samfur yana son firiza mai digiri 20 ƙasa da sifili, wani ma 80, kuma narkewa da sake daskarewa suna lalata shi. Kafin ka karɓi bututu ko ɗaya, ka san wace firiza ce, wa ke riƙe da makullinta, me ke kunna ta idan an ɗauke wuta. Ka raba kowane samfur gida biyu ko uku a ƙananan bututu, ka ajiye a wurare daban. Idan wutar ba abin dogaro ba ce, akwai kotisol na gashi, wanda ba ya bukatar sanyi: gashin kai yana tsiro kimanin santimita ɗaya a wata, don haka santimita 3 daga tushe suna ba da labarin wata uku. Sai dai ka san mutanenmu ba sa sakin jiki da wanda ya zo neman gashinsu, kuma suna da dalilinsu. Sai an yi bayani a natse, mace ce za ta yanka wa mace, a kuma faɗa musu yadda za a yi da ragowar.

Oksitosin kuwa, shawarata ita ce kada ka fara da shi. Masana har yanzu suna muhawara a kan awonsa, domin samfurin da aka tace kafin gwaji da wanda ba a tace ba suna ba da adadi masu nisan gaske da juna, kuma abin da ke cikin jini ba lallai ya nuna abin da ke cikin ƙwaƙwalwa ba. Ka bari sai kana ƙarƙashin wanda ya ƙware a kansa.

Zaɓi tambaya ɗaya, ƙarama, wadda kai ne ka fi dacewa da ita

Yawancin abin da aka sani game da ƙwaƙwalwar iyaye ya fito ne daga ɓeraye, da kuma gidajen Turai da Amurka inda uwa da uba su kaɗai ke fama da jariri. Duk lokacin da aka leƙa wani wuri, sai a ga hoton ya canza. A 2011 Lee Gettler da Christopher Kuzawa suka bi samari 624 a Cebu ta Filifin na tsawon shekara huɗu da rabi, suka ga testosteron ya sauka sosai a waɗanda suka zama iyaye, ya kuma fi sauka a masu ɗaukar sa'o'i uku ko fiye a rana suna kula da yara. Amma a Tanzaniya, Martin Muller ya kwatanta maza 'yan Hadza, masu yawan zama da 'ya'yansu, da makiyayan Datoga, waɗanda reno aikin mata ne a wurinsu. A Hadza an ga saukar, a Datoga ba a gani ba. A Lamu ta Kenya kuma Peter Gray ya sami testosteron mafi yawa a masu mata fiye da ɗaya. Ke nan al'ada tana shiga har cikin jini.

To dubi gidan Bahaushe. Mai cikin fari tana tafiya goyon ciki gidan iyayenta. Ana kwana arba'in ana wankan jego, kaka ko gwaggo na tsaye a kanta. Jariri yana yini a bayan uwa, ko yaya, ko kishiyar uwa. Idan lokacin yaye ya yi a kai shi wurin kaka. Akwai riƙo, inda mace ke renon ɗan da ba ta haifa ba tun yana ƙarami. Kowanne daga cikin waɗannan tambaya ce ta digirin digirgir. Shin kotisol ɗin mai jegon da ta yi arba'in a gaban mahaifiyarta ya bambanta da na wadda ta yi shi a ɗakinta a birni ita kaɗai? Me ke faruwa a jikin kakar da aka kai wa yaye? Uwar riƙo fa, tana bin hanyar da Rosenblatt ya gani, inda zama da jariri kansa ke buɗe ƙofar reno?

Akwai kuma kunyar ɗan fari, wadda nake ganin ita ce babbar hujjar cewa fannin yana bukatar 'yan gida. Ma'aunan da aka fi amfani da su wajen auna kulawar uwa suna ƙidaya kallon ido da ido, da yi wa jariri magana, da murmushi. Yarinyar da ke gaban surukarta da kyamarar baƙo, ba za ta kira sunan ɗanta na fari ba, balle ta yi masa wasa. Mai binciken da bai san wannan ba zai rubuta cewa ba ta damu da ɗanta ba, ya kuma nemo homon ɗin da zai ɗora wa laifi. Heidi Keller ta Jamus ta riga ta nuna, da ta kwatanta iyaye mata 'yan Nso na Kamaru da na Jamus, cewa wasu al'ummu da jiki suke reno, goyo da taɓawa, wasu kuma da fuska da magana. Gyara ma'auni ya dace da gidajenmu aiki ne da za a daɗe ana ambatonsa.

Idan zuciyarka ta fi karkata ga asibiti, ga ciwon damuwa na bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 20 cikin 100 na masu jego a ƙasashe masu tasowa suna fama da larurar ƙwaƙwalwa, galibi damuwa. A Amurka an amince da maganin brexanolone a 2019 da zuranolone a 2023, dukansu daga binciken wani sinadari da jiki ke samarwa daga furojestaron, wanda ke faɗuwa da zarar an haihu. Idan kuma dabbobi ka fi so, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, NAPRI, da ke Shika kusa da Zariya tana aiki da tumakin Yankasa, Uda da Balami da jar akuyar Sakkwato, kuma mutuwar 'yan tumaki saboda uwa ta ƙi su asara ce da makiyayi zai so a magance.

Neman malami da gurbin digirgir

Digiri na biyu ana iya yinsa a gida, kuma ina ba da shawarar haka idan akwai malamin da zai bari ka gwada tambayarka a ƙaramin mataki. A lokacin ne za ka nemi gajerun horaswa. Ƙungiyar binciken ƙwaƙwalwa ta duniya, IBRO, tana shirya makarantun ilimin ƙwaƙwalwa a ƙasashen Afirka, haka ma TReND in Africa. Akwai ƙungiyar masana ƙwaƙwalwa ta Afirka, SONA, da takwararta ta Najeriya. A Damaturu kuma akwai cibiyar BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe, wadda Mahmoud Bukar Maina ya jagoranci kafawa, tana horar da matasa a kan kayan aiki na zamani. A irin waɗannan wurare ake haɗuwa da wanda zai rubuta maka wasiƙar shaida.

Don digirgir, ka buɗe PubMed, rumbun takardun binciken lafiya na intanet, ka duba waɗanda suka wallafa a mujallar Hormones and Behavior da makamantanta cikin shekara uku da suka wuce. Ka zaɓi mutum biyar, ba hamsin ba. Ka rubuta wa kowanne gajeren saƙo na kansa: wace takardarsa ka karanta, me ka yi da hannunka, wace tambaya kake da ita, me ya sa wurinsa ya dace. Ka tambayi ɗalibansa na da yadda yake riƙe mutane, domin shekara uku zuwa huɗu a Turai, ko biyar zuwa shida a Amurka, ƙarƙashin wanda ba ya duba aiki, ba ƙaramar wahala ba ce. Kuɗi kuwa, yawancin shirye-shiryen kimiyya na Amurka suna biyan ɗalibi alawus, akwai tallafin Commonwealth na Birtaniya da DAAD na Jamus, malaman manyan makarantun gwamnati a Najeriya kuma su bi ƙa'idojin TETFund na shekarar da suke nema.

Idan ka fita, ka koyi dabara ɗaya ka iya ta sosai, ka kuma tambayi kanka ko za ta yi aiki idan ka dawo. Kunna ƙwayoyin jijiya da haske yana bukatar kayan miliyoyi. Nazarin hotunan ƙwaƙwalwa na na'urar MRI kuwa kwamfuta kawai yake so, domin manhajojin FSL da FreeSurfer kyauta ne, kuma akwai hotunan da masana ke sakawa a rumbun OpenNeuro don kowa ya yi amfani da su.

'Yar'uwa mai sha'awar wannan fanni, ke kina da damar da namiji ba shi da ita. Ɗakin mai jego a buɗe yake gare ki, kuma abin da za ta faɗa miki ba za ta faɗa wa namiji ba. Da yawa daga cikin manyan fannin mata ne. Idan aure ko goyo ya zo a tsakiyar karatu, ki tambayi tsarin hutun haihuwa na shirin tun kafin ki sa hannu.

Izini da amana

Ba a taɓa mutum ko dabba sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince a rubuce. Takardar neman yarda ta kasance da Hausa, a karanta wa wadda ba ta karatun boko. Sallama ga maigida da uwar miji ladabi ne kuma yana buɗe ƙofa, amma yardar matar ita ce abin da ake nema, kuma tana da ikon janyewa ko da an fara. Idan kana amfani da ma'aunin Edinburgh na 1987 na gano ciwon damuwa na bayan haihuwa, mai tambayoyi 10, ka tuna ta ƙarshe tana tambaya ne a kan tunanin cutar da kai. Kafin ka yi wa mace ko ɗaya wannan tambaya, ka riga ka shirya da likitan da za a kai ta wurinsa a ranar idan ta amsa da e.

Wallafa, da kafa naka wurin

Takarda ɗaya a mujallar da masana fannin ke karantawa ta fi goma a mujallun da ke karɓar kuɗi su buga cikin mako guda. Na san tsarin ƙarin girma, daga ƙaramin lakcara zuwa babban lakcara zuwa farfesa, yana matsa wa mutum ya tara adadi, amma masu ba da tallafin ƙasa da ƙasa suna buɗe takardun su karanta. Ka rubuta hasashenka da hanyar lissafinka kafin ka ga sakamako, ka kuma wallafa ko da ba ka sami bambancin da ka zata ba.

Bayan digirgir, yawanci ana yin shekara biyu zuwa huɗu ana bincike a ɗakin gwajin wani kafin a tsaya da ƙafa. Idan ka dawo gida, kuɗin farko da ka samu ka sa shi a firiza da sola mai riƙe ta, sai kyamarori biyu, sai albashin mataimakiya mai jin yaren matan da za ku yi aiki da su. Ka ƙulla yarjejeniya a rubuce da sashen haihuwa na asibitin koyarwa ko da gonar jami'a. Idan abokan aiki na waje za su auna maka samfur, a rubuta tun farko wa ke da mallakar bayanan da kuma inda sunan kowa zai zo a takarda. Sannan ka fara bin rukuni guda na iyaye tun daga ciki, ko da mata 60 ne, ka riƙa komawa gare su a wata na uku, da na shida, da lokacin yaye, kana ajiye lambar waya biyu ta kowane gida da sunan unguwa da na mai unguwa, domin rabin wahalar irin wannan bincike ita ce sake gano mutanen da ka fara da su.